Tambaya kan fitar da citta daga Kaduna da sababbin ƙa'idojin kwastam

Mai Cittar Kachia ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina roƙon waɗanda suka san harkar shigo da kaya da fitar da su su taimaka mini da bayani. Sana'ata sarin citta ce. Ina saye a kasuwannin Kachia da Kwoi da Kagarko da kaka, in adana a sito a nan cikin garin Kaduna, daga baya in sayar wa dillalan da ke kai wa kamfanonin Legas da Kano. Tun bayan cutar da ta afka wa gonakin citta a Kudancin Kaduna a daminar 2023, farashi ya yi tashin da ba mu saba gani ba, kuma na lura cewa tazarar da ke tsakanin abin da ake biyana a bakin sito da abin da mai saye na ƙasar waje yake biya ta fi ribar da nake samu nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa ni da wasu abokan sana'a muka fara shawarar haɗa jari domin mu riƙa fitar da kayanmu da kanmu.

Abin da ya tsayar da mu shi ne labarai sun yi yawa, kuma kowa da irin abin da yake faɗa. Ana cewa yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar Afirka ta fara aiki a Najeriya, har wai mutum zai iya kai kaya Masar ko Maroko ba tare da an karɓi kuɗin fito ba. Ana cewa an ƙara harajin kashi 4 cikin ɗari a kwastam, wasu kuma suna cewa an janye shi. Ana kuma maganar harajin da Amurka ta ɗora wa kayan Najeriya. Ina so in san wanne daga cikin waɗannan ya shafi ɗan kasuwa irina kai tsaye, wanne kuma magana ce ta manyan kamfanoni kawai.

Akwai kuma batun tashar tsandauri ta Kakuri. Shin da gaske ne mutum zai iya kammala duk takardunsa a can, a rufe kwantenarsa a Kaduna, ba sai ya tare a Legas ba? Daga ƙarshe, muna da niyyar sayo injin yanka citta da na busarwa daga ƙasar Sin, don haka ina neman bayani kan abin da za mu biya idan ya iso. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Ɗan Kakuri ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Aikina fiton kaya ne, saboda haka zan yi magana a kan takardu da kuɗaɗen da ake biya, in bar batun siyasar duniya ga waɗanda suka fi ni karatu.

Abu na farko da ya kamata ka raba a zuciyarka shi ne fitar da kaya daban, shigo da kaya daban. Kashi 4 ɗin da kake ji ana surutu a kai bai shafi cittarka ba, injinka ya shafa. Asalinsa yana cikin sabuwar dokar hukumar kwastam da aka sa wa hannu a watan Afrilun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka yi ta aiki da ita tun ƙarshen zamanin Turawa. Dokar ta ba hukumar damar karɓar kashi 4 na darajar kaya a tashar da aka yi lodinsu, wato kafin a haɗa kuɗin jirgi da na inshora. An fara karɓa a watan Fabrairun 2025, masu masana'antu da 'yan kasuwa suka yi ca, aka dakatar cikin 'yan kwanaki. Aka dawo da shi a watan Agusta bisa hujjar cewa zai maye gurbin kashi 1 da ake biya na duba kaya da kuma kashi 7 da hukumar ke samu na aikin tara haraji, sannan Ministan Kuɗi na lokacin, Wale Edun, ya sake ba da umurnin dakatarwa a watan Satumba. Dalilin kukan a fili yake: injin da aka saya dala 10,000, kashi 1 nasa dala 100 ne, kashi 4 kuwa dala 400, kuma a lokacin ana biya ko da kayan suna cikin rukunin da ba a karɓar kuɗin fito a kansu. Tun da tanadin yana nan cikin doka, shawarata ita ce duk ranar da za ku buɗe takardar shigo da kaya ku sa banki ko wakilinku ya fitar muku da lissafin da ke aiki a ranar, kada ku dogara da abin da wani ya biya bara.

Shi kansa kuɗin fiton yana bin jadawalin bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS da ya fara aiki a 2015, mai matakai biyar: sifili, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35. Injuna da ɗanyen kayan masana'antu galibi suna faɗawa a matakan ƙasa, kayan da aka gama sarrafawa kuwa a na sama. Abin da ke tantance matakin shi ne lambar rukunin kaya, wadda lambobi shida na farkonta iri ɗaya ne a duk duniya, mu kuma a nan ake cika su goma. Kuskure a wannan lamba shi ne babban abin da ke jawo wa mutane tara da jinkiri, domin injin da aka rubuta a matsayin na aikin gona da wanda aka rubuta a matsayin na sarrafa abinci ba lallai kuɗinsu ya zo ɗaya ba. Tun 2024 hukumar ta ɓullo da tsarin da ɗan kasuwa zai nemi hukunci a rubuce kan lambar kayansa tun kafin ya sayo su, kuma ina ganin irinku ne suka fi bukatarsa. Bayan kuɗin fito akwai rabin kashi ɗaya na ECOWAS da harajin VAT na kashi 7.5, in dai kayan ba sa cikin waɗanda aka yafe wa. Kada kuma a manta cewa ana juya darajar kayan zuwa naira da farashin canji na hukuma, wanda bai kai naira 500 kan kowace dala ba kafin watan Yunin 2023, amma ya haura 1,500 a 2024. Mutane da yawa da ke cewa an ƙara kuɗin fito, a gaskiya faɗuwar naira ce ta ninka musu abin biya.

Ka buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya, a bankinka kafin a ɗora injin a jirgi, ba bayan an ɗora ba. Da ita ne kwastam za su fitar da takardar PAAR wadda ake lissafin haraji da ita. Yanzu ana yin wannan aiki a sabuwar manhajar hukumar mai suna B'Odogwu, wadda aka fara gwajinta a wata tasha a Legas a ƙarshen 2024 kafin a faɗaɗa ta zuwa sauran wurare.

Game da fitar da citta, ga yadda abin yake. Sai kuna da kamfani mai rajista, sannan ku yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta ƙasa, NEPC. Idan kun samu mai saye kun yi yarjejeniya, banki zai buɗe muku takardar fitar da kaya da ake kira NXP, ku biya rabin kashi ɗaya na darajar kayan domin aikin masu duba kaya kafin lodi, ku kuma karɓi takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar killace amfanin gona ta ƙasa. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce kuɗin kayan su dawo asusunku na kuɗin waje cikin kwana 180 da yin lodi, kuma wanda ya saɓa wannan zai sha wahala kafin a sake buɗe masa wata takardar.

Tashar Kakuri kuwa gaskiya ce. Shugaba Buhari ne ya buɗe ta a watan Janairun 2018, kuma a doka tana da matsayin tashar da kaya ke iya tashi daga cikinta ko su sauka a cikinta, kamar dai Apapa. Akwai jami'an kwastam da sauran hukumomi a ciki, ana iya duba kaya a rufe kwantena a nan. Idan injinku kuke so ya sauka a Kaduna, dole takardar lodin jirgi ta nuna Kaduna a matsayin zangon ƙarshe tun daga ƙasar Sin. Sai dai ka sani cewa mafi yawan kwantenoni da tirela suke tafiya tsakanin nan da Legas, don haka kuɗin mota zai ci wani babban kaso na ribarku, kuma dole ku sa shi cikin farashi tun kafin ku amsa wa mai saye.

Malamin Kasuwanci ya amsa:

Ina yi wa Alhaji mai tambaya fatan alheri, ina kuma gode wa Ɗan Kakuri, domin ya ɗauke mini rabin aiki. Ni ina koyar da darasin kasuwanci a wata babbar makaranta a nan Kaduna, kuma zan taɓa ɓangaren yarjejeniyoyi.

An ƙulla yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar Afirka, wato AfCFTA, a Kigali a watan Maris na 2018. Najeriya ta ja ƙafa, saboda ƙungiyoyin masu masana'antu da na ƙwadago sun ji tsoron kada a mayar da ƙasar jujin kayan waje, sai a watan Yulin 2019 Buhari ya sa hannu a taron da aka yi a Yamai. A takarda an buɗe ciniki ranar 1 ga Janairun 2021, amma Najeriya ba ta yi bikin tura kayanta na farko a ƙarƙashin tsarin ba sai a watan Yulin 2024 a Apapa, kuma sai a 2025 ta wallafa jadawalin rangwamen harajinta a jaridar gwamnati. Ƙasashe 54 daga cikin 55 na Tarayyar Afirka sun sa hannu, Eritiriya ce kaɗai ta rage, kuma hedikwatar tsarin tana Akara.

Inda mutane ke kuskure shi ne zaton cewa an wayi gari an soke kuɗin fito gaba ɗaya. Ba haka aka tsara ba. Kowace ƙasa za ta cire haraji a kan kashi 90 na rukunonin kaya sannu a hankali, cikin shekara biyar ga masu ƙarfi, shekara goma ga marasa ƙarfi. Kashi 7 an ɗauke su a matsayin kayan da ake kaffa-kaffa da su, an ba su wa'adi mai tsawo, kashi 3 kuma kowace ƙasa tana da ikon keɓe su daga rangwamen ɗungurungum. Saboda haka tambayar da za ka yi ba ita ce ko yarjejeniyar ta fara aiki ba. Tambayar ita ce: a jadawalin ƙasar da zan kai kaya, a wane rukuni citta ta faɗa, kuma nawa ne harajinta a bana? Mai sayenka a can shi ne ya fi kowa sauƙin samo wannan amsa daga kwastam ɗin ƙasarsu, da ma da ɗan gari akan ci gari. Lambar citta busasshiya wadda ba a niƙa ba ita ce 0910.11, niƙaƙƙiya kuma 0910.12, ka ba shi su ya duba.

A nan akwai abin da ya faɗo muku gidan sauƙi. Rangwamen na kayan da asalinsu na Afirka ne kawai, kuma tabbatar da asali shi ne inda masu masana'antu ke shan fama, domin sai sun nuna yawan abin da suka ƙara a kan ɗanyen kayan da suka shigo da shi daga Sin ko Turai. Cittar da aka noma a Jaba ba ta da wannan matsala, tun da daga ƙasar nan ta tsiro. Amma duk da haka sai ta tafi da takardar shaidar asali irin ta yarjejeniyar, in ba haka ba za a caje ta kamar cittar Indiya. Ranar da kuka fara haɗa ta da ganyen shayi ko kayan ƙamshin da aka shigo da su daga waje, lissafin ya canja.

Batun Amurka, a ganina, an fi ƙarfafa shi a kafafen labarai fiye da yadda ya shafe ku. A ranar 2 ga Afrilun 2025 Shugaba Trump ya sanar da harajin kashi 14 a kan kayan Najeriya, aka mayar da shi kashi 15 a watan Agusta, sannan wa'adin dokar AGOA, wadda tun shekarar 2000 take ba kayan ƙasashen Afirka da yawa damar shiga Amurka ba haraji, ya cika a ƙarshen Satumban 2025. Mafi yawan abin da muke sayar wa Amurka ɗanyen mai ne da iskar gas, kuma cittar Kaduna ta fi tafiya Indiya da ƙasashen Larabawa da Turai. Waɗanda abin ya fi taɓawa a cikin ƙananan 'yan kasuwa su ne masu aika ƙunshin kilishi da yaji da atamfa ta kamfanonin aike, domin a ƙarshen Agustan 2025 Amurka ta soke yafiyar da take yi wa kayan da ba su wuce dala 800 ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙasar Sin ta sanar a watan Yunin 2025 cewa za ta cire haraji a kan kayan ƙasashen Afirka 53 da ke da hulɗar jakadanci da ita, amma amfanin gona ba ya shiga can sai an cika sharuɗɗan lafiyar tsirrai na ƙasar, kuma ita kanta Sin tana cikin manyan masu noman citta a duniya.

Abin da nake so ku fi sa wa ido shi ne Turai, domin can ba haraji ne shingen ba, gwajin ɗakin bincike ne. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka yi ta samu a cikinsa. Akwai kuma sabuwar dokarsu ta hana sare dazuzzuka, wadda ta shafi koko da gahawa da waken soya da manja da roba da katako da shanu, inda za a bukaci a nuna ainihin gonar da kaya suka fito. Citta ba ta cikin jerin, amma waken soya yana ciki, kuma jihar nan tana nomansa sosai.

Hajiyar Kasuwar Barci ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi, amma ina da ja a kan wuri guda. An yi ta maganar Masar da Maroko da Turai, alhali kasuwar wajen da ta fi kusa da mu ita ce Jamhuriyar Nijar, kuma a nan ne aka fi ganin bambancin abin da ke takarda da abin da ke faruwa a hanya. Na daɗe ina kai kayan miya da citta da kanumfari Maraɗi ta Jibiya, in dawo da dabino da kayan fata.

Mu ba mu jira AfCFTA ba, domin tun da daɗewa akwai tsarin ECOWAS na sassauta ciniki, wanda a ƙarƙashinsa amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu ke wucewa ba kuɗin fito, ba ma sai da takardar shaidar asali ba. Amma wannan tsari bai hana gwamnatinmu rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019 ba, wata guda kacal bayan sa hannu a Yamai. An buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, Jibiya kuwa sai a Afrilun 2022. Ba mu gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Nijar a watan Yulin 2023, aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Daga nan Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma bayan wata biyu suka ɗora harajin rabin kashi ɗaya a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancensu. ECOWAS dai ta ce a ci gaba da karɓar kayansu bisa tsohon tsari kafin a cimma sabuwar matsaya. Duk wanda ya zuba jarinsa a kan hanya a waɗannan shekaru ya san cewa sanarwa guda ta dare ɗaya ta fi duk wani jadawalin haraji tasiri a kan aljihunsa.

Ban da rufe iyaka, akwai shingayen hanya. Kayan da doka ta ce ba a biyan komai a kansu, kafin mota ta isa inda za ta je an tsayar da ita a wurare barkatai, kuma kowace tsayawa da abin da take ci, ko na kuɗi ko na lokaci. Wannan kuɗi ba ya cikin kowace takarda, amma mai saye ne yake biyansa a ƙarshe.

Ba ina hana Alhaji neman kasuwar nesa ba ne. Ina dai ba shi shawara kada su zuba duk jarin ƙungiyarsu a kwantena guda, kuma kada su saki kaya ga mutumin da suka sani ta waya kawai sai banki ya tsaya a tsakani, ko kuma an biya wani kaso mai tsoka tun kafin lodi. Na ga waɗanda aka karɓi kayansu a wata ƙasa, aka ce ba su kai ingancin da aka yi alkawari ba, aka zaftare farashi, kuma ba su da yadda za su yi tun da dawo da kayan ya fi asarar tsada.

Manomi daga Kagarko ya amsa:

Maganar Hajiya ta ƙarshe ita ce ta sa ni shiga wannan muhawara. Ni manomin citta ne, kuma ina cikin ƙungiyar manoma a ƙaramar hukumarmu. Cittarmu, ko tafin giwa ko yatsun biri, masu saye na waje suna sonta ne saboda yajinta da yawan manta, amma yadda muke busar da ita shi ne ke karya mata daraja. Ana tsaga ta a shanya a ƙasa ko a kan dutse ko a gefen kwalta, ƙura da tsakuwa da kashin dabbobi su shiga, kuma idan aka ɗura ta a buhu ba ta gama bushewa ba sai ta yi fumfuna. Wannan fumfuna ita ke haifar da gubar da ake gwadawa a Turai, kuma ido ba ya ganinta. Don haka, Alhaji, injin busarwar da kuke son sayowa ya fi duk rangwamen da Malam ya lissafa muhimmanci a wurina, da sharaɗin ku riƙa sayen ɗanyar citta daga hannun manomi ku busar da kanku, ko kuma ku raba wa manoman da kuke hulɗa da su tamfol ku ƙara musu farashi a kan mai tsabta. Muddin kuɗin mai tsabta da mai datti ɗaya ne a kasuwar Kachia, babu manomin da zai wahalar da kansa.

Ina kuma so ku lura da inda gwamnati ta sa gaba. A watan Agustan 2025 aka sanar da hana fitar da ɗanyen ƙwaron kaɗanya na wata shida domin a tilasta sarrafa shi a cikin gida, farashinsa ya faɗi nan take, matan karkara masu tsinto shi da waɗanda suka tara shi a sito suka kwana a ciki. Masara da ɗanyar fata sun daɗe a jerin kayan da aka hana fitarwa. A 2024 kuma aka yafe kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, mai saye ya samu sauƙi, amma manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da hatsinsa da araha. Ba a taɓa citta ba, amma wanda yake iya niƙa ta ko ya tatsi manta ya fi mai ɗanyen kaya kwanciyar hankali idan irin wannan sanarwa ta zo.

Mai Cittar Kachia ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa abokaina duk amsoshin, kuma mun tsayar da cewa za mu fara da rajistar kamfani da ta NEPC, mu nemi hukuncin lambar injin a rubuce kafin mu tura ko sisi, sannan mu kai samfurin cittar da ke sito ɗakin gwaji mu ga matsayinta. Tambaya guda ta rage gare ka, Ɗan Kakuri. Idan abin da muka tara a kakar farko bai cika kwantena ba, akwai hanyar da za mu bi, ko sai mun jira wata shekara?

Ɗan Kakuri ya amsa:

Akwai hanya, Alhaji. Kamfanonin jigila suna haɗa kayan mutane daban-daban a kwantena guda, kowa ya biya gwargwadon wurin da ya ci, sai dai citta tana da ƙamshi mai ƙarfi, ba kowane kaya ake yarda a haɗa ta da shi ba, kuma kuɗin kowane buhu ya fi tsada ta wannan hanya. Abin da ya fi muku sauƙi shi ne ku nemi wata ƙungiyar masu citta ko masu zoɓorodo da ke da mai saye a ƙasar da kuke nufi, ku cika kwantena tare, kowane ɓangare da takardar NXP tasa, ko kuma ku fitar a ƙarƙashin sunan kamfani guda bisa yarjejeniya a rubuce kan yadda za a raba kuɗin idan sun shigo. Samfurin da za ku aika wa mai saye kuwa ƙaramin ƙunshi ne da kamfanin aike zai ɗauka, amma shi ma ku haɗa shi da takardar lafiyar tsirrai da sakamakon gwajin, domin a kan wannan samfurin ne za a rubuta ingancin da za ku cika a kwantenar.